Doguwar tafiya a keke: yadda ake rage kaya domin ruwa ya samu wuri

A watan Mayun 2023 wani matashi ɗan ƙasar Gini mai suna Mamadou Safayou Barry ya hau keken da ya saya na hannu, ya nufi Masar da burin samun gurbin karatu a jami'ar Al-Azhar. Ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar, ya isa N'Djamena bayan kusan wata huɗu, inda aka biya masa kuɗin jirgi zuwa Alƙahira. Abin da ya fito da shi daga gida bai wuce tufafin canji da tocila da sukudireba ba. Ya sha wuya ƙwarai a hanya, kuma babu mai cewa a yi koyi da shi a komai. Amma tafiyarsa ta nuna cewa abin da keke ke buƙata kafin ya kai mutum nesa bai kai yawan abin da ake zato ba.

Faransawa na kiran irin wannan tafiya cyclotourisme, sunan da Paul de Vivie na birnin Saint-Étienne ya raɗa mata a ƙarshen ƙarni na 19. Mafi yawan shawarwarin da ake samu a kanta an rubuta su ne domin Turai, ƙasar tuddai da ruwan sama da sanyi. A Sahel lissafin daban ne. A nan kayan da suka fi kowane nauyi, waɗanda kuma ba a isa a rage su ba, su ne ruwan sha. Duk sauran ragi ana yin sa ne domin ruwa ya samu wuri.

Abin da nauyi ke jawowa

A ɗauki mutum mai kilo 65, kekensa kilo 15, kayansa kilo 20. Jimla kilo 100 ke nan. Idan ya rage kilo 5, ya rage kashi 5 cikin ɗari na abin da yake turawa. A kan tudu zai ji bambancin. A kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta kamar hanyar ƙasa mai lamba 1 tsakanin Maraɗi da Damagaram, tazarar kimanin kilomita 240 da ta bi ta Agye da Gazawa da Tasawa, saurin da zai ƙara ɗan kaɗan ne.

Ɓarnar nauyi a wani wuri take. Da farko tayar baya: ita ke ɗauke da mafi yawan nauyin mahayi, idan aka ƙara lafta mata kaya aka faɗa rami, wayoyin gargarenta ne ke fara tsinkewa, kuma da ɗaya ta tsinke sauran na biye. Kariya ma tana da iyaka. Yawancin na kasuwa kilo 25 aka rubuta a jikinsu, na arha ma ba su kai haka da gaske. Sai kuma yashi. Da zarar an sauka daga kwalta za a nufi ƙauye, keke mai nauyi nutsewa yake yi, sai a koma turawa da ƙafa cikin rana.

Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba, wato girman kaya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da ya fi daɗin tafiya saboda sanyi, iskar hunturu na kaɗawa ne daga arewa maso gabas. Wanda ya taso daga Maraɗi ya nufi Damagaram yana gaba da ita wuni guda. A irin wannan rana buhu mai faɗi da aka ɗaure a gicciye, ko da soso ne a ciki, ya fi ƙaramin ƙunshi mai nauyi gajiyar da mutum, domin turjiyar iska na ninkuwa huɗu idan ƙarfinta a fuskar mahayi ya ninku biyu. Wanda ke da zaɓi, gara ya kai kekensa Damagaram a mota ya taso yamma, iska na tura shi.

Ruwa

Lita ɗaya kilo ɗaya ce, babu dabarar da za ta sauya wannan. Mai tuka keke cikin zafi na iya zubar da gumin da ya kai lita guda a awa ɗaya, a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40 ma ya fi haka. Saboda haka tambayar ba ita ce lita nawa ake sha a wuni ba, ita ce awa nawa ne tsakanin inda ake da inda za a sake samun ruwa. A kan babbar hanya mai garuruwa kusa-kusa, inda ake sayar da ruwan leda mai rabin lita kusan a kowace tasha, lita 3 zuwa 4 a jikin keke sun isa, ana sha ana cikawa. Idan hanyar daji ce, a ninka, a kuma tambayi mutanen gari ko famfon da ke gaba yana aiki, don taswira ba ta san famfon da ya lalace ba.

Gorunan roba na lita ɗaya da rabi guda uku sun fi jarka ɗaya: ana rarraba su a jikin keke, idan ɗaya ta fashe ba a rasa duka ba. A sa musu rigar tsumma ko buhu a jiƙa, kamar yadda direbobi ke yi, ruwan zai yi sanyi. Ƙwayoyin tsabtace ruwa irin su Aquatabs ba su da nauyin komai, kuma suna mayar da ruwan rijiya abin sha bayan minti 30, muddin ruwan ba mai laka ba ne, aka kuma bi adadin da ke jikin fakiti. Haka ƙunshin gishiri da sukari na ORS da ake samu a kantin magani. Wanda bai samu ba, ya zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya.

Makwanci

A nan ne ake samun ragi mafi girma. Tanti mai arha na mutum biyu kan kai kilo 2 zuwa 3, ga shi da zafi kamar tanda. A lokacin rani babu ruwan saman da za a ɓoye masa, abin gudu sauro ne da kunama da raɓar asuba. Sange, wato gidan sauro, da igiya da ƴar tabarmar roba sun wadatar, duka ba su kai rabin nauyin tanti ba. A soke gefen sangen ƙarƙashin tabarma, a kuma kakkaɓe takalmi da safe kafin a sa ƙafa. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, a ƙara ɗan tamfol da za a ɗaure a sama.

Kada dai a raina sanyin Disamba da Janairu. Da asuba yakan sauko ƙasa da digiri 15, ga iska. Bargo mara kauri da rigar sanyi da hula ba sa cikin abin da za a bari a gida.

Maganar inda za a kwana ba ta rabuwa da maganar tsaro. A halin da yankin ke ciki, kwana a daji kai kaɗai ba hikima ba ce, akwai ma hanyoyin da bai kamata a bi su da keke ba sam, musamman a yammacin Nijar da wasu sassan kan iyaka. A nemi labarin hanya kafin a tashi. A isa gari kafin magariba, a gabatar da kai wajen maigari ko jandarma, a nemi izinin shimfiɗa a zaure ko harabar makaranta. Katin ɗan ƙasa ya kasance a aljihu cikin leda, ba a ƙasan jaka ba, saboda shingayen bincike. Mai tsallaka iyaka ya haɗa da katin rigakafin shawara.

Abinci da tufafi

Risho da tukunya da kalanzir kaya ne na wanda zai shiga inda babu mutane. Hanyar da ke da mai shayi da mai ƙosai da mai fura a kowane gari ba ta buƙatarsu. Abin da za a riƙe shi ne guzurin wuni ɗaya wanda zafi ba ya ɓatawa: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kilishi, garin rogo da ɗan sukari. Kofi ɗaya da cokali ɗaya.

Tufafi kala biyu ne, na jiki da na canji. Abin da aka wanke da yamma ya bushe kafin a kwanta. Riga mai dogon hannu ta fi mai gajere a rana, rawani kuwa yana aikin abubuwa huɗu: kare ƙura, inuwa, tawul, matashin kai. A guji wando mai gashi-gashi, ƙarangiya ba ta barin sa.

Kayan gyara

Wannan ne wurin da masu son ragi ke wuce gona da iri. Ƙaya da tsidau na nan birjik a gefen kwalta, kuma faci ba ya jiran a kai gari. Famfo, tiyub ɗaya ko biyu, faci da sholisho, ƙarfen ɓare taya, sifana da ta dace da notocin keken, ɗan man sarƙa, wayoyin gargare uku ko huɗu da aka ɗaure a jikin ƙarfen keken, da igiyar roba da aka yanko daga tsohon tiyub: duka kusan kilo ɗaya ne.

Irin keken shi ke yanke yawan kayan gyaran da za a ɗauka. Taya mai inci 26 ana samun tiyub ɗinta da wayoyinta a kusan kowace kasuwar mako. Kekunan tsere masu siririyar taya, ko manyan nan masu inci 29, sai babban birni, don haka mai irinsu dole ya ɗauki nasa. A duba bawul ma: mai kauri irin na babur kowane mai faci zai ba shi iska, siririn na Faransa sai da ɗan mahaɗinsa.

Waya da caja da ƙaramin batirin ajiya sun isa, tunda masu caji na kowane gari. Kuɗi kuma ba sai an ɗauke su duka ba, ana iya aika wa kai ta kamfanoni irin su Nita ko Amana a karɓa a gaba.

Ɗaurin kaya

Abu mai nauyi ya zauna ƙasa, kusa da tsakiyar taya, dama da hagu su yi daidai. A mayar da wani kaso gaba, ko da kashi ɗaya cikin uku ne, don a sauƙaƙa wa tayar baya. Kada a goya jaka a baya. Tana hana gumi bushewa, tana kuma ƙara wa mazaunai nauyi a kan sirdi. Babbar jaka kuwa jan kaya take yi, duk sararin da aka gani sai an cika shi, shi ya sa ya fi kyau a fara zaɓen ƙaramar jaka sannan a zaɓi abin da zai shiga.

Kafin ranar tashi a kai kayan gaban sikelin mai awo a kasuwa. A hanya mai garuruwa lokacin rani, kilo 8 zuwa 10 ban da ruwa ma'auni ne mai kyau. Sannan a ɗaure komai yadda za a tafi da shi, a yi kilomita 30 zuwa wani gari da aka sani, a kwana, a dawo. Abin da ba a taɓa ba a wannan gwaji a fitar da shi, ban da magani da kayan faci da takardu.