Yadda Alƙalamin Mamani Ya Fito da Sarauniyar Lugu

A watan Mayun 1899 rundunar Faransa, ƙarƙashin Voulet da Chanoine, ta faɗa wa Birnin Ƙonni, ta karkashe mutane masu ɗimbin yawa, ta cinna wa gari wuta. Makonni kaɗan kafin nan, cikin Afrilu, wannan runduna ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu, a ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi. Rahotannin sojojin ba su ba ta fiye da ƴan layuka ba. Labarinta ya zauna a bakin tsofaffin yankin shekara tamanin, sannan wani ɗan jarida ɗan siyasa ya ɗauko shi ya miƙa wa Nijar baki ɗaya.

Abdoulaye Mamani ke nan, haifaffen Gudumariya a 1932. Tun yana matashi ya shiga gwagwarmaya, ya bi Djibo Bakary cikin jam'iyyar Sawaba, har ya wakilci Damagaram a majalisa. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumban 1958 Sawaba ta ce "a'a" ga zama ƙarƙashin inuwar Faransa, aka kayar da ita, aka haramta ta a 1959. Mamani ya yi gudun hijira, ya daɗe a Aljeriya yana aikin rediyo. Da sojoji suka kifar da Shugaba Diori Hamani a 1974 ya komo gida, amma ba a jima ba gwamnatin Seyni Kountché ta ɗaure shi. Mutumin da mulkin jam'iyya ɗaya ya kora, mulkin soja kuma ya kulle, shi ne ya fitar da littafin Sarraounia a Paris a 1980.

Abin da ya fi jan hankali shi ne wadda ya zaɓa. Bai ɗauko sarki mai dogarai ba, bai ɗauko shehin malami ba. Ya ɗauko mace, shugabar Azna masu bin addinin gargajiya, wadda ta ƙi miƙa wuya ga Nasara kamar yadda mutanenta suka ƙi miƙa wuya ga Sakkwato. A ƙasar da kusan kowa Musulmi ne, wannan magana ce babba: kishin ƙasa ba gadon masu sarauta ba ne, kuma ba a tambayar mutum addininsa kafin a lissafa shi cikin ƴan ƙasa. A ganina a nan ya yi daidai. Sai dai ya matsa wa sarakunan Musulmi fiye da kima, kuma mai karatu daga Ƙonni, Malbaza ko Illela yana da haƙƙin tunawa cewa kakanninsa masu salla su ma bindigar Voulet ce ta ci su. Littafin ƙagaggen labari ne da aka gina kan tarihi, kuma haka ya kamata a karanta shi.

Daga nan abin ya fi ƙarfin takarda. Mai shirya fina-finai Med Hondo ya mai da littafin fim a 1986, aka ɗauka a Burkina Faso, ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a 1987. Mamani ya ga Taron Ƙasa na 1991 da dawowar jam'iyyu da yawa, ya ga zaɓen 1993. A wannan shekara ya rasu cikin hatsarin mota, yana hanyar Yamai don karɓar kyautar adabi ta Boubou Hama.