Ƙa'idar Zance Tsakanin Kwamfutoci

Idan mai POS a kasuwar Tambuwal ya tura kuɗi zuwa Kebbe, kwamfutocin bankuna biyu da ta NIBSS ne ke zantawa. In kowace ta tsaya jiran 'yar'uwarta, kuɗin talaka sun maƙale.

Masana sun daɗe da wannan damuwa. A 1978 Tony Hoare ya fitar da CSP, hanyar bayyana musayar saƙonni tsakanin manhajoji. Robin Milner ya biyo da lissafin CCS a 1980. A 1993 Kohei Honda ya tsara yadda za a rubuta wa ɓangarori biyu abin faɗa da lokacin saurare, domin a gano saɓani kafin a soma aiki. A 2008 shi da Nobuko Yoshida da Marco Carbone suka faɗaɗa tsarin ya ɗauki ɓangarori da yawa.