Matan Polan Da Jami'ar Ɓoye

Jama'a, duk wanda ya zauna ajin kimiyya ya ji sunan Madam Curie, amma da yawa sun ɗauka Bafaranshiya ce. A'a, 'yar ƙasar Polan ce, aure da aiki suka zaunar da ita Faransa. Kuma ba daga sama ta faɗo ba, akwai matan da suka share mata hanya.

Tun a 1384 mutanen Polan suka naɗa wata yarinya mai suna Jadwiga, ba ta wuce shekara 11 ba, suka ba ta laƙabin sarki, ba sarauniya ba. Da za ta rasu a 1399 sai ta yi wasiyya a sa kayan adonta wajen farfaɗo da jami'ar birnin Krakow, aka sake buɗe ta a 1400. Abin mamaki, jami'ar da dukiyar mace ta tayar ba ta karɓi ɗalibai mata ba sai a shekarun 1890. Kusan shekara 500 ke nan fa!

Kafin nan ƙasar kanta ta ɓace. Rasha da Ostiriya da daular Prussia ta Jamusawa suka yi ta yanka ta kamar naman layya, a 1772 da 1793 da 1795, har ba a bar ko taƙi ba. Shekara 123 babu Polan a taswira. A birnin Warso, wanda ya koma hannun Rasha, da Rashanci ake karatu, mace kuwa ba ta shiga jami'a.

To, sai matan suka ɓullo da dabara. A 1885 wata malama, Jadwiga Szczawinska, ta haɗa ƙananan azuzuwan ɓoye wuri guda, abin da aka riƙa kira Jami'a Mai Tashi. Dalilin sunan, ba ta da mazauni: yau a ɗakin wannan, gobe a gidan wancan, don kada 'yan sanda su gane. Manyan malamai ke koyarwa, wanda aka kama kuwa kurkuku ne. Haka aka yi ta yi har wajen 1905 da aka halatta ta.

Cikin waɗanda suka zauna irin waɗannan azuzuwa akwai Mariya Sklodowska, haifaffiyar 1867, da yayarta Bronislawa. Ubansu malamin makaranta ne, ba shi da kuɗin tura su waje. Sai suka yi wani abu kamar adashi. Yaya ta tafi Paris karatun likita, ƙanwa ta kama aikin koyar da 'ya'yan masu hali a ƙauye tana aika mata kuɗi. A ƙauyen ma ba ta zauna haka ba, tana koya wa 'ya'yan manoma karatu da harshensu a ɓoye. Da ɗauka ta zo kanta a 1891, ita ma ta tafi. Ɗakinta can ƙarƙashin rufin bene, lokacin sanyi ruwa kan daskare a ciki, abinci shayi da burodi. Duk da haka ita ta zo ta ɗaya a jarrabawar digiri ta 1893.

A 1898 ita da mijinta Pierre Curie suka gano sababbin sinadarai biyu. Na biyun shi ne radiyom. Na farkon kuwa ta raɗa masa suna poloniyom, wato sunan ƙasar da manyan dauloli suka ce babu ita. A ganina wannan ya fi kowace zanga-zanga, domin duk malamin kimiyya a Rasha ko Jamus dole ya furta sunan. Ta sami lambar Nobel a 1903 tare da mijinta da Becquerel, ta sake samu ita kaɗai a 1911, bayan keken doki ya take mijin a titi a 1906.

Polan ta dawo taswira a 1918, a shekarar kuma mata suka sami 'yancin jefa ƙuri'a, alhali matan Faransa sai 1944. Adashin nan bai ƙare ba. Mariya ta je Amurka a 1929 ta karɓo gudummawar sayen giram ɗaya na radiyom, Bronislawa kuma ta tsaya kan ginin cibiyar maganin ciwon daji a Warso, aka buɗe ta a 1932. Bayan shekara biyu Mariya ta rasu da ciwon jini, wanda ake dangantawa da tururin sinadaran da ta daɗe tana aiki da su. Littattafan aikinta ma a cikin akwatunan darma ake ajiye su a Paris.