Kayan Aro: Yadda Rigimar 2005 Ta Haifi Git

A farkon watan Afrilun 2005, Linus Torvalds ya jingine aikin da ya shafe fiye da shekara 13 yana jagoranta, wato gina zuciyar babbar manhajar Linux, ya zauna rubuta wani abu dabam. Abin da ya tilasta masa shi ne, manhajar da shi da ɗaruruwan abokan aikinsa ke adana tarihin aikinsu da ita ba tasu ba ce, kuma mai ita ya ce zai karɓe abarsa. Cikin 'yan kwanaki ya fito da Git, wadda a yau mafi yawan masu rubuta manhaja a duniya suka dogara da ita. Wanda ya san rigimar da ta haife ta zai gane dalilin da ya sa aka gina ta a yadda take.

Kowace manhaja rubutu ce tun asali, layi bisa layi na umarnin da ake bai wa kwamfuta. Idan mutum ɗaya ke rubutawa, da sauƙi. Idan kuwa mutane da yawa ne a ƙasashe dabam-dabam, kowa na gyara nasa sashen, dole a san wa ya canza me, yaushe, da kuma yadda za a haɗa gyaran wannan da na wancan ba tare da ɗaya ya shafe ɗaya ba. Daga 1991, lokacin da Torvalds ya fara Linux yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, har zuwa 2002, ta imel ake aiko masa da gyare-gyare, waɗanda ake kira faci, shi kuma ya duba ya liƙa. Da aikin ya girma sai nauyin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, faci ya riƙa ɓacewa, masu aikowa suka riƙa ƙorafi. Akwai manhajojin kyauta na wannan aiki, irin su CVS, amma duk tarihin yana zaune ne a uwar garke guda, kuma Torvalds bai taɓa ɓoye ƙyamar da yake musu ba.

A 2002 ya koma amfani da BitKeeper, ta kamfanin BitMover, wanda Larry McVoy ya kafa. Ta fi sauran nesa ba kusa ba, domin tana barin kowa ya yi aiki a kwamfutarsa sannan a haɗa daga baya. Sai dai hajar sayarwa ce, kuma asalin rubutunta a rufe yake. McVoy ya bar masu aikin Linux su yi amfani da ita ba tare da biya ba, bisa sharuɗɗa, ciki har da cewa mai amfani da ita ba zai sa hannu a gina wata manhajar da za ta yi gogayya da ita ba.

Nan jama'a ta rabu biyu. Richard Stallman, wanda ya assasa shirin GNU a 1983, yana cikin masu ganin bai dace manhajar da ta zama tutar 'yanci ta jingina da wadda ba a iya karantawa ko gyarawa ba. Wasu manyan masu aikin Linux ma sun ƙi taɓa ta. Torvalds kuwa ra'ayinsa shi ne a ɗauki kayan aikin da ya fi kyau, ko na wane ne. Kowane ɓangare yana da hujja. Aikin Linux ya ƙara sauri ƙwarai a shekaru ukun nan, amma kuma, kamar yadda Bahaushe ke cewa, kayan aro ba ya rufe katara.

Igiyar ta tsinke ne ta hannun Andrew Tridgell, ɗan Ostireliya, wanda ya ƙirƙiri Samba. Ya fara rubuta wata ƙaramar manhaja da za ta iya ciro tarihin aikin daga uwar garken BitKeeper. Hujjarsa ita ce shi bai taɓa amfani da BitKeeper ba, saboda haka sharaɗinta bai hau kansa ba. Daga baya ya nuna a bainar jama'a cewa abin da ya fara yi kawai shi ne ya haɗu da uwar garken, ya nemi ta jero masa umarnin da take karɓa, ta kuwa jero. McVoy ya ɗauki hakan a matsayin karya alkawari, kamfanin ya sanar da janye damar kyauta. Torvalds ya ɗora wa Tridgell laifi a fili, wasu kuma suka ce Torvalds ne ya kai su ga wannan hali tun farko.

Ya fara rubuta Git ranar 3 ga Afrilu. Ranar 7 ga wata ta riga ta iya adana tarihin kanta. A tsakiyar Yuni, da ita aka fitar da Linux 2.6.12. Tsarinta ya ginu a kan abu biyu. Na farko, duk wanda ya kwafi wani aiki ya samu tarihinsa cikakke, tun daga ranar farko, don haka babu kwamfuta guda da za a rufe aikin ya tsaya. Na biyu, kowane gyara yana da hatimi, jerin haruffa da lambobi 40 da ake lissafowa daga abin da ke cikinsa, kuma kowane hatimi ya ƙunshi na wanda ya gabace shi, kamar salsala. Wanda ya taɓa harafi ɗaya a baya, duk hatiman da suka biyo baya za su canza, a gane. A watan Yuli Torvalds ya miƙa ragamar Git ga Junio Hamano, ɗan Japan, ya koma kan Linux. Hamano ya fitar da sigar 1.0 a Disamban 2005.

An ga amfanin wannan tsari a 2011, lokacin da aka yi kutse cikin kwamfutocin kernel.org, inda ake ajiye Linux. Da yake akwai cikakkun kwafi a hannun dubban mutane, kowanne da hatimansa, sauya rubutun a ɓoye ya zama abu mai wuyar gaske. BitKeeper kuwa, a 2016 aka buɗe asalin rubutunta ga kowa, lokacin da kasuwa ta riga ta watse.

Amma labarin bai tsaya nan ba. A 2008 aka buɗe GitHub, kamfanin da ke ajiye wa mutane ayyukansu na Git, ya kuma sauƙaƙa haɗin gwiwa a tsakaninsu. Sauƙin ya jawo miliyoyi, har manhajar da aka gina don kada a dogara da gida ɗaya ta sake tara duniya a gida ɗaya. A 2018 Microsoft ta saye shi a kan dala biliyan 7.5. A 2019, saboda takunkumin Amurka, ya taƙaita asusun masu amfani da shi a Iran da Siriya da Kirimiya.

Abin da ya same su ya nuna iyakar abin da Torvalds ya warware. Wanda ke da kwafin aikinsa a kwamfutarsa bai rasa ko layi ɗaya na tarihinsa ba, wannan kuwa ribar 2005 ce. Sai dai Git ba ta adana rahotannin kurakurai, ko sharhin da abokan aiki suka yi a kan faci, ko sunan da mutum ya gina wanda masu ɗaukar aiki ke dubawa. Waɗannan duk suna hannun mai gidan, bisa sharuɗɗan da yake iya sauyawa, da dokokin ƙasar da yake zaune a cikinta. An sassauta wa 'yan Iran a farkon 2021, bayan kamfanin ya nemi izini daga gwamnatin Amurka ya samu.