Yadda gyaran ƙasa ke hana zaizaya da kwararar ruwa a gona

Gyaran ƙasa shi ne sanya wa gona wasu abubuwa domin a inganta jikin ƙasar kanta, ta yadda za ta riƙa shan ruwan sama maimakon ruwan ya kwashe ta. Ya bambanta da takin zamani, wanda aikinsa ciyar da shuka ne kawai. Muhimmancinsa a fili yake, domin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ana iya ɗaukar shekara 1,000 kafin ƙasa mai kaurin santimita 2 zuwa 3 ta samu, alhali damina ɗaya na iya tafiya da ita.

Yadda zaizaya ke farawa

Ƙasa mai lafiya dunƙule-dunƙule take, da ƙofofi a tsakani. Idan ɗigon ruwa ya faɗo a kan ƙasar da ba ta da rufi, sai ya farfasa dunƙulen, ƙananan ɓarɓashi su toshe ƙofofin, saman ya yi ɓawo. Daga nan ruwa ba ya nutsewa, sai ya bi gangare yana ɗauke da ƙasar sama, wadda ita ce mafi albarka. Idan abin ya daɗe, gona ta zama faƙo, ƙananan hanyoyin ruwa kuma su rikiɗe zuwa kwazazzabai.

Abubuwan da ake sanyawa

Na farko shi ne takin gargajiya: kashin dabbobi da ruɓaɓɓen juji. Yayin da yake ruɓewa, ƙwayoyin halittar cikin ƙasa suna fitar da wani abu mai danƙo da ke haɗa ɓarɓashi wuri guda. A jigawa yana ƙara riƙon ruwa, a laka kuma yana buɗe ƙofofi. Manoman karkarar Kano sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke kai taki gona a kan jakai tun da rani.

Na biyu rufi ne da karan gero ko dawa, ciyawa ko ɓuntun shinkafa. Rufin yana tare ɗigon ruwa, yana rage gudunsa, yana kuma kare ƙasa daga iskar farkon damina. Gara na cin karan, ramukan da take haƙawa kuma su zama hanyar shigar ruwa.

Na uku shi ne jifsam, ma'adinin da ake haƙowa a jihohi irin su Sakkwato da Yobe. Ya fi amfani a ƙasa mai kanwa, inda sinadarin sodiyam ke watsa laka har ta like. Kalsiyam ɗin da ke cikinsa yana maye gurbin sodiyam, sai ƙasar ta sake dunƙulewa.

Akwai kuma wani sinadari da ake kira PAM. A shekarun 1990, masu bincike na Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka a jihar Idaho sun nuna cewa ɗan kaɗan daga cikinsa a ruwan ban-ruwa yana rage ƙasar da ke zurarewa daga kwarin kunya ƙwarai da gaske.

Tassa a yankin Sahel

A faƙo, watsa taki kawai ɓarna ce, domin ruwan farko zai wanke shi. Don haka manoman jihar Tahoua a Nijar suke haƙa ƙananan ramuka da ake kira tassa, su tara ƙasar a gefen gangare, su zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu a kowane rami. Ruwa da taki sai su tsaya a gindin shuka. A Burkina Faso sunansa zai, kuma manomi Yacouba Sawadogo ya samu lambar yabo ta Right Livelihood a 2018 saboda farfaɗo da matacciyar ƙasa ta wannan hanya.

Abin lura

Gyaran ƙasa ba ya toshe kwazazzabon da ya riga ya buɗe. Wannan sai da jerin duwatsu, dashen jema ko itatuwa. A gangare, dole a yi kunya a gicciye. Jifsam ba shi da wani tasiri sosai a rairayi, saboda haka a gwada ƙasa kafin a kashe kuɗi. Jujin gari kuma sai an tsince leda, kwalba da batura. Babban ƙalubale shi ne kara, wanda ake buƙata don dabbobi, danga da girki. Amma manomin da ya share gonarsa ƙaƙaf ko ya cinna mata wuta, ya miƙa ta ga ruwa da iska.