Kayan Koyarwa na Zamani da Taskokin Intanet Domin Malaman Talata Mafara, Bakura da Maradun

Abin da ake nufi da kayan koyarwa na zamani shi ne duk wata na'ura da malami zai yi amfani da ita wajen shirya darasi ko isar da shi ga ɗalibai, kama daga rediyo da wayar hannu da ƙaramar lasifika, har zuwa kwamfuta da majigi. Taskokin intanet kuwa su ne shafukan da aka tara darussa da littattafai da hotunan bidiyo domin amfanin malamai, akasarinsu kyauta. An shirya wannan bayani ne domin malaman firamare da na ƙaramar sakandare, da sakatarorin ilimi, da kansiloli, da kwamitocin al'umma masu kula da makarantu a waɗannan ƙananan hukumomi uku.

Yadda abin ya faro a jihar

Jihar Zamfara ba baƙuwa ba ce a wannan fanni. Tsakanin 2013 da 2019 an gudanar da Shirin Bunƙasa Malamai, wato TDP, da tallafin gwamnatin Birtaniya, kuma Zamfara da Katsina da Jigawa su ne jihohin da aka fara da su. Shirin ya mai da hankali ga Turanci da Lissafi da Kimiyya. An bai wa malaman da aka zaɓa wayoyin hannu masu ɗauke da gajerun hotunan bidiyo na yadda ake gabatar da darasi, aka kuma yi wa wayar laƙabi da mai horarwa na cikin aljihu. Hikimar tsarin ita ce an ajiye darussan a cikin wayar kanta, don haka malamin ƙauye yana iya kallonsu a gida ko da babu sabis, sa'annan ya haɗu da takwarorinsa na makarantun da ke kusa su tattauna abin da suka gwada a aji.

Har ila yau, daga 2015 shirin RANA na asusun UNICEF ya samar da jagoran malami da littattafan ɗalibai na koyon karatu da lissafi cikin Hausa domin ƙananan azuzuwan firamare a Zamfara da Katsina.

A 2020 annobar korona ta sa aka rufe makarantu a faɗin ƙasa, jihohi da dama suka koma ba da darasi ta rediyo. Shekarar 2021 ta fi tsanani a wannan yanki: an sace ɗalibai mata 279 a Jangebe cikin Fabrairu, an kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura cikin Agusta, sa'annan aka sace ɗaliban makarantar Kaya a ƙaramar hukumar Maradun a farkon Satumba. Daga nan aka rufe makarantu, aka kuma katse layukan sadarwa a jihar baki ɗaya, sai a ƙarshen Nuwamba aka sanar da maido da su a sauran ƙananan hukumomi bayan Gusau. A cikin waɗannan makonni, abin da malami ya riga ya sauke a wayarsa shi ne nasa. Wannan ne ya sa ake shawartar kowane malami ya riƙa sauke darasi ya adana a katin mimori duk lokacin da ya shiga gari.

Taskokin da malami zai iya shiga

Mafi girma a cikinsu ita ce Nigeria Learning Passport, wadda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a watan Maris na 2022 tare da UNICEF da kamfanin Microsoft. An jera darussanta bisa manhajar karatu ta ƙasa, akwai na Turanci da na Hausa da Yarbanci da Ibo, kuma rajista kyauta ce. Akwai kuma TESSA, wadda Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya ta kafa a 2005 tare da cibiyoyin horar da malamai na Afirka; amfaninta shi ne tana nuna wa malami yadda zai tafiyar da aji mai cunkoso da kayan da ke kewaye da shi, kamar tsakuwa da kara da murafen kwalba. Shafin African Storybook yana da gajerun labaran yara masu zane cikin Hausa, waɗanda za a iya bugawa a takarda. Sai dai ya kamata malami ya duba rubutun tukuna, domin ba kowane mai fassara ne yake kiyaye ƙa'idojin rubutun Hausa ba.

Malamin da yake son ƙarin takardar shaida ba tare da barin aikinsa ba, Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, tana ba da karatu daga nesa tun bayan kafa ta a 1976.

Dalilin da ya sa abin ya zama wajibi

Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Jarrabawar cancanta ta hukumar rajistar malamai, TRCN, ita ma a kan kwamfuta ake yin ta, kuma a 2024 hukumar WAEC ta fara wannan tsari ga masu zana jarrabawa daga waje. Yaron da ranar jarrabawa ce ranar da ya fara taɓa kwamfuta, an riga an tauye shi tun kafin ya karanta tambaya ta farko, komai hazaƙarsa. Yankin nan yana da abin dogaro a kusa: Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da aka kafa a Talata Mafara a 1992, da Jami'ar Jihar Zamfara da ke garin tun 2018, da Kwalejin Ilimi ta Maru.

Kula da kayan

Ba rashin na'ura ne kaɗai ke hana ruwa gudu ba. Sau da yawa akan kawo kwamfutoci a kulle su a ofishin hedimasta don tsoron lalacewa, har ƙura da zafi su gama da su ba a taɓa kunna su ba. Kafin makaranta ta nemi kwamfuta, ya dace ta fara tanadin farantin sola da batiri, da ɗaki mai ƙofar ƙarfe, da malami guda da za a ɗora wa alhakin kayan a rubuce. A makarantar da ba ta kai ga haka ba, waya ɗaya da lasifika mai caji sun isa aji guda ya saurari darasi, kuma malamai suna iya tura wa juna abin da suka sauke ta Bluetooth ko Xender ba tare da sayen data ba.

Buƙatar makarantar firamare tana bi ta hannun hedimasta da kwamitin makaranta zuwa ga Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, daga nan zuwa Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha da ke Gusau. Ta babbar sakandare kuwa ana miƙa ta ga Ma'aikatar Ilimi. A haɗa takardar da yawan ɗalibai da malamai, da bayanin ko akwai wuta da sabis a garin.