Basfar Babanmu

Jama'a, a 1946 ne kamfanin Piaggio na Italiya ya fito da Vespa, wadda muke kira Basfa. Kuɗin Udoji na 1975 su suka kai ta hannun ƙananan ma'aikata, har da marigayi babanmu, malamin firamare a Kiyawa. Da ita ya riƙa shiga Dutse bayan an ƙirƙiro Jigawa a 1991.

Da aka cire tallafin fetur a 2023, sai na miƙa ta ga bakanike. Ya sauke tsohon inji, ya ɗaura na lantarki a ƙafar baya, batir ya maye gurbin tanki. Yanzu ba hayaƙi, ba ƙara.

Innarmu kuwa cewa ta yi, "Wannan ba ta Malam ba ce. Tasa tun daga nesa nake jiyo ta."